Jinin da Aka Gani a Injin Tudu

Shafi na 19

Masu tambayata ko an saki Idirisu, ku bi ni daki-daki. Ni kaina ranar da na ɗauko maganar ban san inda za ta sauke ni ba.

Jita-jitar da ta cika ƙasan gari a makon nan ita ce wai an ga jini a cikin injin tudu.

Ba ɗigo ba. Guda-guda, in ji su, kamar na yankan da ya kwana. Wai da sassafe yake bayyana, rana na ɗagawa ya ɓace. Wai Idirisu, mai zuba wa injin mai, shi ya yanka wa aljanu baƙin bunsuru ya ɗaure ƙarfen. Wata mai kifi a unguwar Água de Meninos ta rantse mini ba bunsuru ba ne, ɗan mutum ne. Na tambaye ta ɗan wa ya ɓata a garin. Ta ce ai ni dama ba a ba ni magana in karɓa hannu biyu.

Gaskiyarta.

Ga wanda bai san Bahiya ba, inda aka kawo mu bauta a ƙetaren teku, garin nan biyu ne. Akwai ƙasan gari a bakin teku inda jirage ke sauke kaya, akwai saman gari bisa dutse inda masu kayan ke zaune. Da can a kan 'yan dako komai ke hawa. Shekara uku da suka wuce wani kamfani ya shimfiɗa dogo a jikin gangaren, ya kafa injin tururi a gindinsa, yana jan kurar kaya da sarƙa. Abin alfaharinsu shi ne akwatin giyar. Giya biyu gare shi, ta gudu da ta ƙarfi. Kura kan tashi da ta gudu, in ta kai tsakiya inda gangaren ya miƙe tsaye, akwatin da kansa yake sauyawa zuwa ta ƙarfi, ba wanda ya sa masa hannu. Ji kake ƙwas, shi ke nan. Ni Altine a ƙofar ɗakin injin nake suyar ƙosai, ƙwas ɗin nan na ji shi ya fi a ƙirga.

Tun shigowar watan Yuni ƙwas ɗin ya soma makara. Sai injin ya saki giyar gudu bai kama ta ƙarfi ba, ya tsaya tsakani yana kuka, kura ta yi baya. Sau biyu Yahaya mai riƙon birki yana tare ta. Ranar Talata ta ƙwace masa, ta gangaro da buhunan gari, ta rushe katanga ta kashe alfadari.

Ranar Laraba 'yan sanda suka tafi da Idirisu.

Shekara ashirin da tara ke nan da tawayen da bayi Musulmi suka yi a watan azumi, amma har yau in aka ce wa Bature ɗan Afirka ya yi asiri, ko an gan shi da rubutun Larabci, ko an tarar da shi yana kallon gabas, ba a doguwar shari'a. Dukkanmu an yi mana wankan coci an ba mu sunayensu. Idirisu a takarda Bento ne. Sallarmu a bayan ƙyaure muke yi. Hukuncin 'yantacce irinsa kora ce, kuma jirgin Ikko ranar Asabar zai tashi.

Wani zai ce ai gida za a mai da shi. Ya je ya faɗa wa Maryamu, matar Idirisu. Har yanzu baiwa ce a gidan wani attajiri a saman gari, ita da 'ya'yansu mata biyu. Jirgin ba da su zai tafi ba.

*

Ranar Alhamis da hantsi ta zo, da kwandon wanki a kanta don kada a ce ta saci hanya. Ta tsugunna gefen kaskona kamar mai ciniki. Ta ce ta gan shi ta tagar kurkuku, ƙafarsa da mari. Ta ce baban Hadiza ko laya ba ya ratayawa balle ya yanka wa wani abu bunsuru. Na ce na sani. Na tambaye ta me ya ce.

Ta share ido da bakin mayafi.

"Cewa ya yi in faɗa miki ki bar maganar, Inna. Wai Allah na nan."

"Da na ce ba Ya nan?"

Ta gyara zaman kwandonta. Saƙon nasa na ɗauka karaya ce irin ta wanda ƙarfe ya kwana a ƙafarsa. Na ƙulle mata ƙosai shida na yara, na ce ta koma kafin uwargijiyarta ta neme ta, gobe kuma in ta samu hanya ta biyo ta nan da wuri.

Mahaifina malami ne a Zazzau. Kafin a kama ni sai da ya ga na sauke izu goma, kuma abin da ya fi nanata mini shi ne, in an ce "an ce", in tambaya wa ya gani. Na bi jita-jitar nan baki-baki. Mai kifi daga wani ɗan dako ta ji. Ɗan dakon daga mai gadin sito. Mai gadin sito ya sosa ƙeya ya ce shi ma bai gani ba.

Mutum ɗaya ne ganau a duk ƙasan gari. Yahaya.

Yahaya da Idirisu jirgi ɗaya ya kawo su suna samari, sarƙa ɗaya aka ɗaura musu. A wurinmu wannan ya fi ciki ɗaya. Amma ban manta ba, bara da aka ba Idirisu ajiyar makullin ɗakin mai, Yahaya ya yi sati biyu ba ya amsa masa sallama. Daga baya ne aka yanka masa nasa makullin don a raba rigima.

Na same shi zaune bisa ƙarfen tayoyin kurar da ta karye, yana cin rake. Ya gaishe ni yana kallon ƙasa. Na ce masa na zo jin labarin jini daga bakin mahauci.

"Inna, ba abin wasa ba ne."

"Na ga alama. Tunda zai raba mutum da 'ya'yansa."

Ya ce shi ba da nufin cuta ya faɗa ba. Ranar Talata, bayan kura ta ƙwace, hankalinsa ya tashi, ya buɗe murfin akwatin ya leƙa, ya ga abin. Ja ne mai baƙi-baƙi, ya daskare a jikin sandar ƙarfen. Ya fita da gudu yana salati. Ɗan sanda ya riƙe shi ya ce me ya gani, shi kuma ya faɗa.

Na tambaye shi ya taɓa. Ya ce Allah Ya kiyaye. Ya sansana? Ya ce wa zai kai hancinsa ga abin aljanu. Na ce to da wanne ya san jini ne, da ido ko da tsoro.

"Da injiniya ya buɗe da azahar babu komai, Inna. Mai ne kawai kwance. Wane abu ne ke zuwa da safe ya ɓace da rana in ba nasu ba?"

"Raɓa," na ce. "Da gaskiyar wasu mutane."

Ya jefar da raken. Ya ce ya san abin da nake nufi, kuma Allah Ya isa tsakaninsa da duk mai zarginsa. Ya ce shi da Idirisu sun sha ruwa a ƙoƙo ɗaya a cikin jirgi. Na ce haka ne, kuma yanzu ɗayansu zai koma cikin jirgin, ɗayan ya gaji makulli biyu.

Ya tashi ya bar wurin. Na lura ko sallama bai yi mini ba. Na ajiye wannan a raina, na kuma yi masa fassarar da nake so.

*

Injiniyan Bature ne ɗan Ingila, shekararsa ɗaya da rabi a garin. Ma'aikata Jan Kunne suke ce masa. Fotugis ɗinsa guntu-guntu ne, shi ya sa in magana ta cushe tsakaninsa da leburori ni yake kira in warware. Da azahar na iske shi tsugune gaban akwatin, hannun riga naɗe, ya baje ƙarafa a kan buhu.

Ya ce shi bai yarda da tsafi ba, amma masu kamfani sun ba shi zuwa Litinin, in bai gano ciwon ba shi ma jirgi zai hau. Na ce to ya lissafa mini abin da kan hana giya shiga, kamar yana koya wa jaka.

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya fara nuna mini.

Na farko haƙora. In haƙoran giya sun cinye ba sa kama juna. Ya sa na shafa, kaifinsu na nan. Na biyu ƙarancin mai. Ya tsoma tsinke ya fito da shi jiƙe har inda aka yi alama. Na uku datti, ko ɓarɓashin ƙarfe ya toshe hanya. Ya ce akwai baƙi kaɗan, amma ba wanda zai tsai da inji. Sai ya nuna mini wasu dunƙulen ƙarfe biyu kamar goruba, rataye a saman akwatin. In inji na gudu suna juyawa suna buɗewa. In kura ta kai tsayin gangare gudu ya ragu, sai su sauko su tura wani zobe da ke zamewa a kan sanda. Zoben nan shi ke sakin giya ɗaya ya kama ɗaya.

Ya tura zoben da ɗan yatsa. Ya zame sumul.

Ya ce kin ga, lafiyarsa lau. Ya kwance ya ɗaura sau uku, duk lafiya lau. Kuma duk sanda ya tsaya a kansa injin ba ya yin gardama.

Na tambaye shi ƙarfe nawa yake zuwa aiki.

Ya ce goma, bayan ya karya.

Na tambaye shi sau ukun da kura ta yi baya, ƙarfe nawa ne.

Ya ɗaga kai ya dube ni. Ya ce duk kurar farko ce, ta bakwai.

Ni kuwa ina da nawa lissafin. Ranakun nan uku, duk ranakun da na tashi na ga an kwana ana ruwa ne, iskar teku na kaɗawa, har na sa zane biyu. A ƙasar nan damina da sanyi tare suke zuwa. Kuma akwatin giyar ba kusa da tukunyar wuta yake ba, yana can bakin ƙofa inda iska ke shigowa.

Na leƙa cikin akwatin. Mai ne kwance, mai duhu, yana ta ƙaurin ƙarfe da hayaƙi. Amma can ƙarƙashin ƙaurin akwai wani wari da hancina ya sani, na kasa kama sunansa.

Na ce masa gobe ya zo ƙarfe shida, kada a hura wuta, kada kowa ya taɓa murfin. Ya kuma nemi sufeton 'yan sanda ya zo da Bento. Ya ce sufeto ba zai saurari mai ƙosai ba. Na ce kada ya ambace ni. Ya ce masa kawai ya zo ya ga jinin da idonsa a gaban mai laifi, don ya samu abin rubutawa. Ba sufeton da zai ƙi wannan.

*

Juma'a ta waye da yayyafi. Na hura gawayina a ƙarƙashin rumfa kamar kullum, na ɗora kasko, amma ban sa ƙullu ba.

Jan Kunne ya zo cikin babbar riga, yana hamma. Yahaya ya zo. Can sai ga sufeto, gajere mai gashin baki, da 'yan sanda biyu, Idirisu a tsakiyarsu yana jan mari. Kwana biyu kawai, amma idanunsa sun faɗa. Da ya gan ni ya girgiza kai a hankali. Na kau da fuska.

Maryamu ma ta samu hanya. Ta tsaya bakin ƙofa da kwandonta, ba ta shigo ba.

Jan Kunne ya kwance ƙusoshi huɗu ya ɗaga murfin.

Duk muka leƙa.

Yana nan. Ja mai duhu, guda-guda, ya manne a sandar, ya rufe zoben, ya taru a tsakanin haƙora kamar hantar da aka yayyanka. Ɗan sanda ɗaya ya yi alamar gicciye. Yahaya ya ja da baya har ya bugi bango, leɓɓansa na motsi. Jan Kunne da ba ya yarda da tsafi, kunnen nan nasa sai da ya yi fari.

Sufeto ya ciro littafinsa yana murmushi. Ya ce wa Bento to yanzu sai ya musa.

Na ratsa ta tsakaninsu na tsoma yatsa.

Yahaya ya ce, "Inna, don Allah."

Na murza. Santsi, ba danƙo ba. Na kai hanci. Sai na lasa.

Sufeto ya ce a riƙe tsohuwar nan, ta haukace. Na ce masa da Fotugis, cikin ladabi, ya ba ni gwargwadon lokacin da zai sha taba ɗaya. Na fita na ɗauko ludayin suyata, na kwaso guda ɗaya babba, na ce su biyo ni. Na riƙe ludayin bisa garwashi.

Jini in ya ji wuta ƙonewa yake, ya yi baƙi ya ƙanƙance. Kowace mace ta san wannan.

Wannan kuwa narkewa ya yi. Ya kwanta, ya yi ruwa, ya koma ja garau yana sheƙi. Ƙamshin ya tashi ya cika rumfar.

Ɗan sandan da ya yi gicciye ne ya fara magana. Ya ce wa sufeto, cikin jin kunya, wannan ai warin girkin uwarsa ne.

"Manja ne," na ce.

Shekara arba'in ina suya da shi. Da zafi ruwa ne, in sanyi ya buge shi ya kwana sai ya yi barci, sai an kai shi rana ko bakin murhu kafin ya zubu. Kowace safiyar damina sai na gasa kwalbata. Na ce wa Jan Kunne ya taɓa zobensa yanzu.

Ya koma ciki ya tura da yatsa. Ko motsi. Ya sa hannu biyu, da ƙyar ya ja rabi ya tsaya, daidai tsakanin giya biyu. Na miƙa masa butar ruwan zafina. Ya kwarara a kan sandar, ya jira kaɗan, ya tura. Sumul.

Ya zauna a ƙasa yana wata magana da yarensu wadda ban nemi fassararta ba. Sannan ya yi wa sufeto bayani: da safe man a daskare yake, zoben ya makara, giya ta tsaya tsakani. In an yi kura biyu uku ƙarfe ya ɗumama, man ya narke, ya gauraya da baƙin ƙarfe, ba mai gane shi. Ba aljani, ba jini.

Na dubi Maryamu. Ta sauke kwandon daga kanta.

Amma sufeto bai rufe littafinsa ba.

Ya ce shi a garin nan aka haife shi, kada a raina masa hankali. Manja ba shi Yarbawa ke zuba wa gumakansu a mararraba ba? Jini ko manja, duk hadaya ce. Inji bai san hanyar kasuwa ba, wani ne ya zuba masa. Ya juyo ya dubi kaskona, ya dubi kwalbata, ya dube ni. Ya ce abin mamaki, mai manja a bakin ƙofa ita ce ta san ciwon.

Na ce masa ni ko tsintsiya ba a ba ni in shiga da ita ɗakin nan ba, balle makulli. Makulli uku ne. Na injiniya, na Bento, da na wancan.

Na nuna Yahaya.

Ban yi da wasa ba. Na jera masa su ɗaya bayan ɗaya, yadda mahaifina kan jera hujja. Bento shekara uku yana zuba wa injin nan mai bai taɓa tari ba, me zai sa ya ɓata abincinsa da hannunsa? Wa ya yi fushi bara a kan makulli, kowa ya sani? Wa ya buɗe murfi shi kaɗai ba shaida? Wa ya fara cewa jini, alhali an haife shi da hanci? Kuma in Bento ya hau jirgi gobe, wa zai hau kujerarsa?

Jan Kunne ya gyaɗa kai. Ya ce shi dai Bento bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Sufeto ya yi ɗan tunani yana murza gashin baki. Shi dai mutum ɗaya aka ce ya cika a jirgi, ba a ce wane ba. Ya yi wa yaransa alama.

Suka durƙusa suka kwance marin daga ƙafar Idirisu. Suka ja Yahaya suka zaunar da shi.

Yahaya bai yi kokawa ba. Da Hausa ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba ni yake kallo ba.

"Ɗan'uwa, ka san ban yi ba. Tsoro na ji na faɗi abin da na gani. Ka yafe mini wannan, amma ka san ban yi ba."

Idirisu na tsaye, ƙafarsa sake, kansa a sunkuye.

Maryamu ta shigo har ciki ba ta sani ba. Ta riƙe gefen rigarsa da yatsu biyu. "Baban Hadiza, mu tafi. Sun sake ka. Mu tafi."

Bai motsa ba.

Jan Kunne ya ce bari a wanke akwatin a zuba man gaskiya tun yanzu, sufeto ya ga inji ya tashi a gabansa. Ya ce da man kifin da ake kawowa daga Itapuã suke amfani, amma tun watan Maris ya yanke, kamfani ya aiko da wani daga waje, mai kyau, wanda ba ya barci. Ya buɗe ɗakin mai da nasa makullin, ya kama gangar sabon man zai mirgino.

Ta ƙi tasowa.

Ya ƙwanƙwasa ta sama, ya ƙwanƙwasa ƙasa. Ya duba bakin. Dalmar da aka liƙe ta da ita daga masana'anta tana nan, ko ƙwarzane babu.

Ya ce wata huɗu. Ganga cike. To da me ake...

Bai ƙarasa ba.

'Yan sandan suka taya shi suka mirgino ta tsakiyar ɗaki. Da ta juyo, gefen da ke jingine da bango ya fito fili. Rubutun Ingilishi ne, ban iya shi ba. Amma ba sai an iya ba. A ƙarƙashin rubutun an buga hoton dabbar da baƙin fenti, da gajerun ƙafafunta da murɗaɗɗiyar wutsiya da hancin nan nata.

Nan take na gane.

Watan Maris ana zafi. Afrilu ana zafi. Manja ruwa ne, inji na ta ƙwas lafiya lau. Wanda ya zuba bai yi don ya ɓata komai ba. Bai ma san damina za ta tona shi ba.

Sai na tuna saƙon Idirisu: ki bar maganar, Inna.

Na matsa kusa da Idirisu kamar zan ɗauki ludayina. Na yi magana da Hausa, ba tare da na motsa leɓe sosai ba.

"Idirisu, rufe bakinka. Ka ji ni? Na ɓata, zan gyara. Zan ce daga kwalbata aka ɗiba bisa kuskure. Ni tsohuwa ce, ba abin da za su yi da ni."

"Da wane makullin, Inna?"

"Ka dubi matarka."

Ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya dubi Yahaya, da ɗan sanda ke ɗaura wa marin da ɗumin ƙafarsa bai gama fita daga ciki ba.

Sufeto ya ce me muke cewa da yaren nan, a yi magana yadda kowa zai ji.

Idirisu ya zare rigarsa daga yatsun Maryamu a hankali. Ya tako gaban sufeto. Da Fotugis ya faɗa, dalla-dalla, yadda ba sai na fassara ba.

"Ku sake shi, bai san komai ba. Ni na zuba manjan, tun watan Maris. Man gangar nan na alade ne. Ni Musulmi ne, kuma da hannun nan nake alwala."